Allon Emmett a Silin Ajina

A sakandaren Corley Gap, duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe yana da allo ɗaya a silin ɗakin zane. Makon da za su fita sai a kafa tsani, kowa ya hau ya tura allon silin ɗaya sama, ya karkata shi ya zaro daga cikin ƙarafunan da ke riƙe da shi, ya kwantar a kan tebur ya zana abin da ransa ya so, ya sa sunansa. In ya bushe a mayar da shi inda aka ciro. Na tarar ana yi, kuma ni Odessa Kimbrough har na yi furfura ina koyar da zane a ƙarƙashin waɗannan alluna.

In ka ɗaga kai a ajina za ka ga rabin garin nan suna yara. Yaron da ya zana kwalbar giya, yau shi ne faston babban cocinmu. Yarinyar da ta zana zuciya da sunan saurayi ta auri wani daban, kuma duk ranar da iyaye ke zuwa makaranta sai ta ja ni gefe ta roƙe ni in shafe. Ni kuwa amsata ɗaya ce: ba a taɓa sauke allo ba, ba kuma a kanta za a fara ba. Da alfahari nake faɗin haka.

Kullum bayan an gama abincin rana Nadine Pruitt takan shigo ajin. Ita ce shugabar kicin ɗin makaranta, gajeriya mai faɗin kafaɗa, ragar gashi a ka, kofin kofi a hannu. Sai ta ja kujera kusa da taga ta zauna ta cire takalmi ɗaya, don ƙafarta ta hagu na kumbura.

"Mis Odessa, yau ma tuffar nan kika sa yara su zana? Ta fi ni daɗewa a makarantar nan."

"Ta roba ce, Nadine. Kamar naman da kika ba mu jiya."

"Amma har ƙari kika nema."

Daga nan sai ta jingina kai da bango, ta kalli sama. Ba hira ke kawo ta ba, mu duka mun sani. Daidai saman kujerar nan allon ɗanta yake.

Nadine ta haife shi mace ne, ta raɗa masa suna Charlene, sunan kakarsa. Yana shekara sha huɗu ya ɗauki almakashin kicin ya datse gashinsa, ya tsaya gabanta ya ce shi tun da ya yi wayo bai taɓa jin kansa mace ba, a kira shi Emmett. Ubansa Dwight ya kwashe kayansa ya koma gidan wansa. Nadine ta yi kuka a coci, ta yi kuka a kan tukunyar wake, ta shekara tana kuskuren sunan tana gyarawa. Wata rana ta ce mini, "Ban gane ba, Odessa, wallahi har yau ban gane ba. Amma ai ba sai na gane zan ba shi abinci ba." Daga ranar ban sake jin tsohon sunan a bakinta ba.

Ba zan ce muku yaron waliyyi ne ba. Ga surutu, ga gardama, ga shi bai iya zane ba ko kaɗan. Abin da ya iya shi ne kamun kifi da jure wulakanci. An rubuta masa zagi a jikin akwatin littattafansa, an yi masa ihu a filin ƙwallo, wasu iyaye sun je ofis sun ce a mayar da shi wata makaranta. Shekara huɗu yana zuwa da safe kamar ba shi ake nufi ba, ya zauna a gaba, ya ɗaga hannu ko bai san amsa ba.

Da lokacin allonsa ya zo sai ya ja layuka masu faɗi, shuɗi mai haske da ruwan hoda da fari, launukan da masu irin halinsa suke gane juna da su. A tsakiya ya zana tarwaɗa. Na ce masa ta fi kama da safa mai gashin baki.

"Kai, Mis Odessa, hassada ce kawai. Ke ba ki taɓa kama ko ɗan kwaɗo ba."

A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe: NA SHIGO DA WANI SUNA, NA FITA DA NAWA. EMMETT. Na ce ya bari ya kwana ya bushe, amma ina! Kafin in juyo ya cicciɓe shi ya hau tsani, hannuwansa duk shuɗin fenti. Sai da na yi masa faɗa a kan tabon da ya bar mini a tsanin.

Da kakar shekarar, yana hanyar zuwa shagon tayoyin da ya samu aiki, barewa ta faɗo masa kan titi. Ya kauce mata, motar ta daki bishiya. Ko asibiti ba a kai shi ba, ya cika.

A makabartar dangin Dwight aka binne shi, bayan coci, Dwight kuma ya sa aka sassaƙa dutsen kabarin. Aka rubuta Charlene, 'yarmu abar ƙauna. A lokacin Nadine ko tsayuwa ba ta iya yi sai an riƙe ta, balle gardama. Sau ɗaya ta je kabarin bayan jana'iza, ba ta sake komawa ba. Ta ce ita ba ta san wadda aka rubuta a can ba. Duk faɗin duniyar nan, wuri ɗaya ne aka rubuta sunan ɗanta inda mutane za su gani, shi ne silin ajina.

Bayan shekara biyu majalisar jiharmu ta kafa doka. Duk makarantar da aka samu wani abu da ya shafi sauya jinsi a cikinta, littafi ne ko hoto ko darasi, za a yanke mata tallafin gwamnati. Mu kuwa tun da aka rufe mahaƙar kwal, tallafin nan ne numfashinmu. Shi ke ba yara karin kumallo da abincin rana, shi ke sa mai a motocin da ke hawa tsaunuka su kwaso su. Aka fara da ɗakin karatu. Na tsaya ina kallo ana zuba littattafai a kwali kamar ruɓaɓɓen tumatir, na yi masifa har muryata ta dushe, ba wanda ya kula ni.

Sai wata rana shugaban makaranta, Mista Vernon Tackett, ya shigo ajina ya rufe ƙofa. Dogo ne mai sanƙo, kuma in abu ya dame shi sai ya riƙa shafa sanƙon. Ya shafa, ya shafa, ya ƙi kallon sama, nan na gane.

"Odessa, kin san abin da ya kawo ni."

"In fenti kake nema babu. Kai ka hana sayowa tun bara."

"Wani ya ɗauki hoton allon nan ranar iyaye ya aika wa hukumar jiha. Lauyan gunduma ya ce launukan da rubutun duk sun shiga cikin dokar. Masu bincike za su zo kafin hutu."

"Wane ɗan albarka ne ya aika?"

"Ba su faɗa ba."

"Vernon, kai ka kira sunan yaron nan a lasifika ranar da ya gama. Emmett ka ce, ina wurin. Ka riƙe hannunsa aka ɗauki hoto."

"Na sani. In yau ne ma zan so in sake. Amma kin ji abin da ya sami makarantar ƙetaren kogi a kan fosta ɗaya? An rufe musu kicin. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta..."

"Sai ka aske na mamaci?"

Ya sake shafa sanƙon. Ba mugu ba ne Vernon, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na zage shi na huta. Ya ce shi ba zai taɓa allon ba sai kwamitin makarantun gunduma ya zauna ya yanke hukunci, iya abin da zai iya yi mini ke nan.

Na ce to, mu haɗu a kwamitin. Na bi gida gida na tsofaffin ɗalibaina, na buga waya ga waɗanda suka bar gari. Na tsaya a bakin kantin gari da kwali a hannu, wasu su danna mini ƙaho don goyon baya, wasu su ɗaga mini yatsan zagi. Ko faston nan mai kwalbar giya sai da na je masa. Ya ce shi bai yarda da hanyar da yarinyar ta bi ba. Na ce yaro. Ya ce to, duk dai, amma shi ma ba ya son a fara sauke alluna. Na gaya wa Nadine cewa ta kwantar da hankalinta, muddin ina numfashi ba mai taɓa allon nan. Ta dube ni, ta dubi kofinta, ta ce, "Allah ya taimaka." Na ɗauka gajiya ce ta sa ta taƙaita.

A ɗakin cin abincin makaranta aka yi zaman, da yamma, ƙanshin soyayyen dankalin rana bai gama fita ba. 'Yan kwamitin suka jera a dogon tebur. Duk mutanen da na sani ne, biyu ma allunansu na ajina. Ƙa'idar zamanmu kuwa ita ce duk mai magana ya je gaban lasifika ya faɗi sunansa, yana da minti uku, in sun cika a kaɗa ƙararrawa. 'Yan kwamiti ba sa ba da amsa. Ko zaginsu ka yi, ko kuka ka yi, sai dai shugabar kwamitin ta ce, "Mun gode da bayaninka." Mu mutanen nan mun yi imani da lasifikar nan kamar yadda muka yi imani da coci. Gani muke in dai ka tsaya ka faɗi gaskiya a cikinta, to an gama.

Mutane suka yi ta fitowa. Wani ya ce a ƙona allon ma. Wata mata da ke zaune can saman tsauni ta ce ita ba ruwanta da abin da aka zana, amma in motar makaranta ta daina zuwa, 'ya'yanta uku sun gama karatu ke nan. Ba ta ɗaga murya ba.

Da aka zo kaina na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Sunana Odessa Kimbrough, na koyar da yawancinku, wasunku har yau ba ku dawo mini da burushina ba." Aka ɗan yi dariya. "Dokar nan ba ta ce mu koyar da lissafi da kyau ba, ba ta gyara rufin ɗakin wasanni ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki farantin abincin yaro mai yunwa ta riƙe, ta ce ba za ta sakar masa ba sai mun yi kamar wani yaron bai taɓa zuwa duniya ba. Wanda ya yi wannan ya san ba za mu iya zaɓa ba, shi ya sa ya yi. Allon nan ba darasi ba ne, ba wanda na taɓa sa wa jarrabawa a kansa. Yaro ne ya rubuta sunansa kamar yadda kowannenku ya rubuta nasa. Kuma kada ku yaudari kanku, akwai irinsa a azuzuwanmu yanzu haka, suna zaune shiru suna kallon abin da za mu yi. In muka sauke, mun gaya musu inda matsayinsu yake. Ku ƙi. Ku haɗa kai da sauran gundumomi ku kai ƙara kotu. Ku bari su zo da kansu su hau tsanin, a ɗauki hotonsu suna..."

Ƙararrawa ta kaɗa.

"Mun gode da bayaninki," in ji shugabar.

Aka tafa mini sosai, har da masu buga ƙafa. Na koma kujerata ina ganin mun ci. Sai na ga Nadine ta taso daga ƙofar kicin. Ba ta cire ragar gashinta ba, tana ɗan ɗingishi. Na ce a raina madalla, yanzu uwar za ta ƙarasa su.

Lasifikar ta yi mata tsawo, wani ya zo ya sauko mata da ita.

"Sunana Nadine Pruitt. Ni ke dafa wa 'ya'yanku abinci. Allon da ake magana na ɗana ne, Emmett." Ta dube ni. "Duk abin da Mis Odessa ta faɗa gaskiya ne. Dokar nan mugunta ce, kuma wanda ya ɗauki hoton nan ya aika, na bar shi da Allah. Amma ranar Litinin da safe ni ke buɗe tagar raba abincin can. Akwai yaran da rabonsu da abinci mai zafi tun ranar Juma'a. Na san su ɗaya bayan ɗaya, ba zan faɗi sunan kowa ba. Suna cusa biskit a aljihu su kai wa ƙannensu, ni kuma in juya baya in yi kamar ina goge tebur. Kotu shekara nawa za ta ɗauka? Wa zai ciyar da su kafin nan?"

Ta dubi 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya.

"Ba zan yi muku ƙarya in ce abin da ɗana zai so ke nan ba. Da yana nan da ya ɗaga ɗakin nan da ihu. Amma shi ya mutu, ba ya jin yunwa." Ta riƙe sandar lasifikar da hannu biyu. "Ku sauke shi."

Ba ta ma cinye lokacinta ba. Shugabar ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta saba, maganar ta ƙi fita, sai ta sunkuyar da kai. Suka kaɗa ƙuri'a, mutum ɗaya ne kawai ya ce a bar allon.

A wurin ajiye motoci na cim mata tana laluben makulli a jaka. Raina a ɓace yake, kuma ni in raina ya ɓaci ba na taunawa.

"Nadine, me kika yi ke nan? Wata guda ina yawo kamar mahaukaciya saboda ke, ki tashi a gaban mutane ki zare mini tsani?"

"Saboda ni?"

"To saboda wa?"

"Kin zo kin gaya mini abin da za ki yi, Odessa. Ba ki tambaye ni ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta jingina da motar ta cire ragar gashin ta dunƙule a hannu. "Kina ganin ban so ki ci ba? Tun da aka fara maganar nan ban yi barcin kirki ba. In na rufe ido in ga allon, in na buɗe in ga layin yaran nan da farantai. Ke kina da hujja, kuma hujjarki daidai ce. Ni cokali ne a hannuna."

"Yau allo, gobe me? In muka ba su wannan..."

"Na sani. Ki ci gaba da faɗan, don Allah kada ki bari. Ki je babban birni ki yi musu ihu, ai kin iya. Ranar da kika ci ki zo ki same ni a kicin, ni zan riƙe miki tsani. Amma ba da karin kumallon yaran nan za a yi caca ba."

Sai kawai na fashe da kuka, ni da na zo yin faɗa. Ita ta riƙe ni, maimakon ni in riƙe ta. Da na samu numfashi na ce to, zan sauke shi a hankali, in sa a yi masa firam, ta rataye a falonta.

"A'a."

"Nadine, naki ne."

"Shekara huɗu yaron nan yana kokawa kada a fitar da shi daga makarantar nan. Ba ni zan ɗauko shi a bayan mota in fitar ba. A gida wa zai gani? Ni da kyanwa?" Ta share hanci da bayan hannu. "Kifa shi. Ki juya fuskarsa sama ki mayar inda yake. In ba a gani ai ba su da magana."

Vernon ya tambayi lauya, lauya ya ce abin da ido ba ya gani dokar ba ta hau kansa ba. Ranar Asabar da hantsi Vernon ya buɗe mana makarantar ya koma motarsa ya zauna, ya ce shi ba zai iya kallo ba. Na kafa tsanin nan mai tabon shuɗi. Nadine ta riƙe ƙafafunsa.

Na tura allon sama, ƙura ta zubo mini a ido. Na karkata shi na zaro na miƙa mata. Ta kwantar a kan tebur ta daɗe tana kallo. Ta bi gashin bakin tarwaɗar da yatsa, ta bi baƙaƙen sunan ɗaya ɗaya.

"Gaskiya dai bai iya zane ba," ta ce.

"Ko kaɗan."

Ta juya shi da kanta. Bayan allon toka-toka ne, ba komai, sai a gefe biyu inda ya cicciɓe shi da jiƙaƙƙen hannu. Yatsunsa ne, huɗu nan huɗu can, shuɗi, har zanen fatar ana gani. Nadine ta ɗora nata yatsun a kai. Nasa sun fi nata tsawo. Ban taɓa jin mutum ya yi irin sautin da ta yi ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Na hau na mayar da shi, sunan yana kallon duhun rufi, tsakanin wayoyi da bututu. Masu bincike suka zo suka zaga, ɗayansu har ya yaba al'adar allunan, ya ce abin sha'awa. Tallafi bai yanke ba. Vernon ya tara malamai ya karanta mana sauran ƙa'idar: ko ɗalibi ne ya yi tambaya a kan irin waɗannan abubuwa, malami ba zai amsa ba, don amsar ma darasi ce.

Ban daina ba. Da hutu na bi mota zuwa babban birni tare da wasu malamai, muka tsaya a rana da kwalaye, na yi magana a wata lasifikar, aka sake gode mini. Ana cewa maganar tana kotu. Nadine kuma ba ta fasa zuwa da kofinta ba, sai dai tsokanar tuffa ta ragu. Takan zauna ta kalli yatsun.

Makon farko na sabuwar shekara, 'yan aji ɗaya suna ajina bayan abincin rana, na bar su su ɗaga kai su more kallo kamar yadda nake yi wa kowane sabon aji. Suna ta nuna na iyayensu da na yayyensu suna dariya. Akwai wata yarinya a kujerar baya, cikin ƙatuwar rigar sanyi duk da zafin da ake yi, tun da aka buɗe makaranta ban ji muryarta ba. Ita ce ta ɗaga hannu.

"Mis Kimbrough, wancan fa? Me ya sa shi ba zane, sai tabon shuɗi? Na wane ne?"

Duk ajin suka juya suka kalli allon, sannan suka kalle ni. Sunan yana bakina. Na san in na faɗe shi, tambaya ta biyu za ta biyo, kuma kafin yamma maganar ta kai gidaje ashirin. Na san kuma ba zan iya cewa ban sani ba. Na tsaya da burushi a hannu, bakina a buɗe kamar wawuya.

Nadine na zaune a wurinta kusa da taga, takalmi ɗaya a cire. Ta ajiye kofin a hankali.

"Ba na kowa ba ne, 'yan mata," ta ce. "Rufi ne ya yi yoyo a wurin."

Yarinyar ta ce, "Au," ta sauke hannunta. Yara suka koma kan allon faston suna dariyar kwalbar.

Nadine ta sunkuya ta sa takalminta, ta daɗe tana ɗaure igiyar. Ta miƙe ta ɗauki kofin, ko rabi ba ta sha ba. A bakin ƙofa na ce, "Nadine," ba ta juyo ba.

"Ina da wake a wuta," ta ce, ta fita.

Washegari na ja mata kujerar kusa da taga kamar kullum. Har aka tashi ba ta zo ba, ina jin ƙarar tukwanenta daga ƙarshen baranda.